Kaza Ta Shiga Akurki

Warin albasa nake fara tunowa, wadda ta soma ruɓewa cikin rumfar karan da Baba yake ajiyarta. A Horo Birni, idan bazara ta kai maƙura, ko ruwan randa ɗumi yake yi. Awaki su lafe jikin katanga, mu ma mu lafe, kowa na jan numfashi kamar aiki.

Waɗannan kwanaki su ne kakata take ce wa "Kaza ta shiga akurki." Ba a jin sauƙi sai ta fito.

Shekarar da nake aji uku, zafin ya kwantar da ita. Ta bar cin abinci. Inna ta dama mata fura, kakata ta kau da kai.

"Ku ƙyale ni. In Kaza ta fito ni sha."

Kullum da asuba, bayan ta yi salla a zaune, sai ta sa a jingina ta da ƙofa, ta tsura wa gabas ido. Akurkinmu a gabas yake, kuma akwai wata baƙar kaza kwance kan ƙwai a ciki. Na ga wuyan hannun kakata ya koma kamar sillen kara, na ga kazar ba ta da niyyar motsi.

Da hantsi na zura hannu na jawo ta. Ta sassare ni, na rungume ta, na kai ta har bakin tabarma.

"Ga ta nan ta fito. Sai ki sha."

Kakata ta daɗe tana kallonmu. Sannan kafaɗunta suka fara rawa, dariya marar sauti.

"Wagga ɗiya! Boko bai gaya muku komi ba? Maida ta, kar ƙwai su huce."

"Sai kin sha."

Ta sha ludayi uku, ta ce kar in saba. Washegari na sake kawo kazar, haka jibi. Kazar ta gaji, ni na gaji, ita ma ta gaji da musu. Da haka muka ja har ruwan fari.

Sai ina jami'a, kakata ta daɗe da rasuwa, na san Kaza wasu taurari ne a dunƙule. Hasken rana yake ɓoye su a tsakiyar bazara, su sake ɓullowa gabas da asuba idan damina ta kama. Saman akurkin take kallo.