Raƙumin Kwali Ya Je Damargu

Damagaram

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu ɗauke da raƙumi a ka. Na kwali ne, amma tsayinsa ya kai nawa, kuma in iska ta buso shi ke zaɓar mana hanya. Innata ta rako ni har zaure tana addu'a, rabi don in dawo lafiya, rabi don kada maƙwabta su gan ni.

Ga abin da ya jawo. A shekararmu ta ƙarshe a makarantar horon malamai akwai darasin da Madam Rabi ke koyar da mu, na yadda za ka riƙe ajin da yaransa ba yare ɗaya suke ji ba. Jarrabawarsa ba a takarda ake yi ba. Tura ka ake yi wani lakwal na karkara, wato makarantar firamare, ka koyar, ita tana zaune a bayan aji. Dokarta ɗaya ce: kowane yaro sai ya buɗe baki ya yi magana, da duk yaren da ya ga dama. In yaro ɗaya ya yi shiru, ka maimaita shekara. Ni aka jefa ni wani lakwal na bakin rijiya, gaba da Tanut a hanyar Tanhiya, can ƙasar Damargu, inda ake jin Hausa da Tamajak na Abzinawa da Fillanci da Barbarci. Ni kuwa Hausa da Faransanci kawai na iya, Faransancin ma sai in na ƙoshi.

Madam ta ce kowa ya nemi abin da duk yaran suka sani ya fara darasi da shi. Na ce raƙumi. Na je wurin Ɗanladi mai fenti na unguwarmu, mutumin da ke alfahari da cewa ba ya zane da ka. Ya tafi kasuwar dabbobi, ya zauna gaban wata taguwa, wato raƙuma, ya kwafe ta tas, har da wani zane a wuyanta da tsaga a kunnenta. Aibinsa ɗaya: duk abin da ya zana sai ya yi ƙiba. Sauron da ya zana a bangon wani shagon magani har yau yara tantabara suke ce masa.

A tasha direba ya zagaya mu sau biyu.

"Wannan fasinja ne ko kaya?"

"Kayan aiki ne."

"Mai ƙafa huɗu dai dabba ne. Sama zai hau."

Aka ɗaure shi tsakanin buhunan masara, kansa na leƙen gaba. Madam ta shiga gidan gaba ta kawar da kai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Bakin Birji

Hantsi ya ɗaga muka iso shingen jandarmomi. Wani dogo ya karɓi katin kowa ya duba, sannan ya ɗaga kai sama. Ya daɗe yana kallo.

"Na wa ne raƙumin?"

Duk motar ta nuna ni, har da wata tsohuwa da na ba ƙosai ɗazu.

"Ina takardar rigakafinsa?" Fuskarsa ba alamar wasa. Na fara rantsuwa cewa kwali ne, sai ya taka taya ya hau, ya ƙwanƙwasa wuyan da yatsa. "Har da shaidarsa. Ka san masu ita?"

Na ce ado ne na mai fenti. Ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya yi tasa. Suka ce Allah ya kai mu lafiya, ni da dabbata. Ban tambayi abin dariyar ba, don mai son a sake shi ba ya tsawaita hira da jandarma.

Tanut

Mun shiga Tanut daf da azahar, bayan ramukan hanya sun mayar mana da hanji wuya. Na sauka a gidan wani ƙanen babana mai sayar da hatsi. Matarsa ta dama mini fura, ta kawo cuku da shayi, sannan ta tambaya ko baƙon nawa a ɗaki zai kwana ko a turke. A ɗaki ya kwana. Ni na samu tabarma, shi ya samu gado, wai don kada gara ta taɓa shi.

Washegari da sanyin safiya muka hau motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya. Daga nan babu kwalta, sai yashi da ƙaya. Na rungume raƙumin kamar mai jinya. Raƙuman gaske da muka wuce suna daina kiwo su bi mu da kallo. Ina can ina kare kansa daga rassan ƙaya, ashe wata akuya da aka ɗaure a bayana ta samu abin karin kumallo. Ko da na waiwaya babu wutsiya. Mai akuyar ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi in fentin ya ɓata mata ciki ni zan sani.

Lakwal ɗin bakin rijiya

Aji ɗaya ne da aka kewaye da zana, da allo jingine a jikin ice. Darektan, Malam Idi, ɗan Damargu ne mai fara'a. Bayan gaisuwa da ruwa ya ja ni gefe ya nuna mini wata yarinya siririya a ƙarshen tabarma.

"Ka ga waccan? Takna ke nan, 'yar Abzinawa. Tun da aka sa ta lakwal ba wanda ya ji muryarta a aji. Ba bebiya ba ce, a rijiya har awaki take zagi. Amma a nan, ko uffan."

Na hango kaina a aji ɗaya da ƙannenmu na baya, na hango Inna da ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa bana zan gama.

Madam ta zauna a baya. Na tsayar da raƙumin lulluɓe da zanin gado, na gaishe da yara, suka amsa cikin maƙoshi. Shirina mai tsari ne: in nuna kai, kowa ya faɗi sunansa da yarensu, in ba su na Faransanci, mu wuce wuya. Na yaye zanin.

Yara suka zuba masa ido. Can sai wani yaro, Sale, ɗan manoma, ya miƙe zumbur ya kira ni Mushe, yadda suke kiran malami.

"Mushe! Wallahi wannan ce ta cinye mana hatsi a gona!"

Ai kamar ya watsa wa kaji tsaba. Wani ɗan Fulani mai suna Jaɓɓo ya taso masa da Fillanci, na kusa da shi na fassarawa da ƙarfi: wai ƙarya ne, wadda ta ci hatsin ja ce, kuma tana da wutsiya. 'Yan matan Barebari biyu suka ce a wurinsu raƙumi marar wutsiya ko kyauta ba a karɓa. Yaran Abzinawa suka yi caa a kan wuyan, suna gardamar shaidar gidan wa ce. Sai a lokacin na gane abin da ya ba jandarma dariya. Zanen nan ba ado ba ne, shaidar wuta ce da makiyaya ke yi wa dabba, kowane gida da tasa. Na ɗauko dabbar mutane na ratsa da ita Damargu a kan mota.

Ina ta "Silans! Silans!" da Faransanci, wai a yi shiru, ba mai ji na. Ko kan raƙumin ban samu nunawa ba. Na saci kallon Madam, na ga tana bin yaran da ido ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Kowa ya yi magana, wasu har sun yi ta mutum uku. Saura Takna.

Ta tashi a hankali ta ratsa su. Ta ɗora yatsa a kan shaidar, sannan ta yi ɗage ta taɓa tsagar kunnen. Sai ta yi magana, doguwa, da Tamajak, ta juya ta fita da gudu.

"Me ta ce?" na tambaya.

Wani yaron Abzinawa da bai iya Hausa ba ya gaya wa Jaɓɓo da Fillanci, Jaɓɓo ya gaya wa Sale da 'yar Hausarsa, Sale ya juyo gare ni, duk ya manta da hatsinsu.

"Mushe, ta ce taguwarta ce. Ta ce ta dawo."

Ba a jima ba ta dawo riƙe da hannun kakanta, wani dattijo da rawaninsa ya rufe masa baki. Ya tsaya gaban kwalin ya daɗe. Muka gaisa, ya ja ni gindin wata aduwa, ya yi mini magana da Hausarsa mai nauyi. Taguwar, in ji shi, ita aka ba yarinyar ranar sunanta, kamar yadda suke yi wa kowane jariri. Shekarar da ruwa ya ƙi, ya kai ta kasuwa ya sayo hatsi. Bai iya gaya wa yarinyar ba, ya ce mata ta ɓace ne, za ta dawo.

"Malam," ya ce, "da wannan ƙibar aka gan ta?"

Sauron Ɗanladi ya faɗo mini a rai. Na ce masa:

"Baba, wanda ya zana ta a gabanta ya zauna."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ta faɗa hannu na gari."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Saura matsala ɗaya. Ƙa'ida ce kowa ya mayar da kayan aikinsa makaranta a duba, in ba haka ba jarrabawa ba ta cika ba. Da muka koma aji, Takna ta riga ta samo igiya ta yi wa ƙafafun kwalin dabaibayi, ta zauna kusa da shi tana ba Jaɓɓo umarni ya nemo abin da za a yi wutsiya. Na dubi Madam. Madam ta dubi igiyar.

"Lawali," ta ce, "darasinka shi ne mafi hargitsi da na taɓa gani. Amma ba yaron da ya yi shiru. Ka ci. Dabba mai shaida kuwa ni ba zan raba ta da mai ita ba, ba na son magana da jandarmomin Bakin Birji."

Komawa

Mun kwana Tanut, washegari muka kamo hanya. A shinge dogon nan ya leƙa saman mota ya ce ina dabbar. Na ce ta koma gidansu. Ya ce dama ya san za a rina.

La'asar sakaliya na shiga gida hannu rabbana, sai ƙullin cuku da dattijon ya ba ni. Inna ta yi guɗa da ta ji na ci, ta ƙara wata da ta ga babu raƙumi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Idi da ƙanen babana da matarsa, har akuyar ma na yafe mata.

Da yamma na nufi shagon Ɗanladi, niyyata in tambaye shi gaskiyar yadda ya ga taguwar nan, da ƙibarta ko a rame. Na same shi yana zana wa wani mai shayi kaza, ta kusa kai tunkiya. Na tsaya a bakin ƙofa, muka gaisa, na ce aikinsa ya yi kyau. Na juyo gida ban tambaya ba.