Shef ɗin da Ba Ya Saurin Cewa Madalla

Shekarun baya, can farkon samun mulkin kanmu, ina saurayi, na yi aikin kafinta a wata ma'aikata a nan Tawa. Lokacin ana ta buɗe lakwal, wato makarantun boko, a ƙauyuka, mu kuma aikinmu haɗa bencin 'yan makaranta, irin mai haɗe da teburinsa.

Shugabanmu na farko, wanda muke kira Shef, dattijo ne mai kirki. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Kullum da hantsi zai leƙo daga bakin ƙofa, hannuwa a baya, ya ce, "Madalla, samari, madalla," ya koma ofis. Ranar da na ɓata wuni guda ina gyara kusurwar tebur har ta yi santsi, madalla. Ranar da wani abokina ya haɗa benci mai ƙafa ɗaya gajera, shi ma madalla. Muna sonsa ƙwarai. Amma sannu a hankali zarto ya fara yi mini nauyi a hannu. In na tashi da safe sai in zauna bakin gado in rasa dalilin sauri.

Abokina shi ya fara gajiya. Kun san mu mutanen Adar da tafiya bida, neman kuɗi a ƙasashen waje. Ya ce mini, "Mi muke yi nan? Taho mu tahi Abijan." Ya tafi. Ni na ce sai bayan girbi, don mahaifiyata ba ta da kowa a gida sai ni. Ta san da maganar. Ba ta hana ni ba, ta dai rage magana.

Ana nan sai dattijon ya yi ritaya, aka kawo mana sabon Shef. Kirista ne daga kudu, siriri, ba shi da yawan dariya. Ranar farko bai tsaya bakin ƙofa ba. Ya shigo, ya naɗe hannun riga, ya bi bencinan ɗaya bayan ɗaya yana zama a kai. Babban mutum, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, yana jijjiga kamar mai hawan jaki. Muka riƙa danne dariya.

Da ya zo kan nawa, ya zauna, ya shafa ƙarƙashin teburin da tafin hannu, ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne, ina gyara tsayuwa don karɓar madalla.

Ya ce, "Samansa aikin gwani ne. Ƙasansa kuma kamar wani ne ya yi. Nan ne gwiwar yaro take. Ka sake shi."

Ranar na koma gida ina huci. Na ce wa mahaifiyata, "Inna, mutumen ga ya raina ni. Tahiya zan yi." Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ƙarya ya yi maka?" Na ce a'a. Ta ce, "To ci tuwonka."

Na sake bencin, da fushi na sake shi. Na goge ƙasan har ya fi saman kyau, don kawai in ga abin da zai ce. Ya zo ya shafa, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ko uffan. Sai na lura da wani abu da ya ba ni haushi da kaina: na fara riga kowa zuwa wurin aiki.

Da kaka ta yi, aka ce a kai benci ƙauyen Barmu. Da can direba kaɗai ke kai kaya, mu ba mu taɓa sanin inda aikinmu yake ƙarewa ba. Shef ya ce in hau kamiyo, babbar motar kayan, mu tafi tare. Muka sha duwatsun hanya, muka isa wajen azahar.

Lakwal ɗin rumfar zana ce. Yaran suna zaune a ƙasa, allo a cinya. Iyaye maza sun taru a gefe suna kallonmu, fuska ba yabo ba fallasa, don a lokacin mutane da yawa ba su yarda da boko ba. Muna cikin sauke kaya sai wani tsoho ya matso da sandarsa. Malamin lakwal ya raɗa mana cewa an rubuta jikar tsohon a lakwal, tsohon kuwa ya ce sai ya ga wurin da idonsa kafin ya bari ta zo.

Tsohon ya ƙwanƙwasa benci da sanda. Ya zauna. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya shafa.

"Wanga daga ƙasar Nasara aka kawo shi?" in ji shi.

Shef zai iya cewa ma'aikatarmu ce ta yi, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya kama kafaɗata ya turo ni gaba.

"A'a, Baba. Ga wanda ya yi shi. Ɗan Tawa ne."

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ɗan wane ne ni, na faɗa masa. Ya ce, "Allah shi yi ma hannunka albarka, ɗana. Wanda ya gyara inda ba a gani, ya san abin da yake yi." Sannan ya aika a kira jikar tasa. Na ga yarinyar ta zauna, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa ba.

A hanyar dawowa, muna bayan kamiyo, Shef ya ce a hankali, "Madalla." Na juya ina kallon duwatsu don kada ya ga idona.

Ban je Abijan ba. Ban ma taɓa zama na ce na fasa ba, maganar ce ta mutu da kanta. Mahaifiyata ta koma hirarta.

Bayan 'yan shekaru aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar sallama na yi ƙarfin hali na ce, "Shef, kai dai kana da rowar yabo." Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko na tuna lokutan da ya yaba mini. Na ce har wurin da muke tsaye na tuna. Ya ce, "To ai sun isa ke nan."

Yanzu da na tsufa, na riƙe mutane ni ma a shagona na kafinta, na gane cewa dukansu biyun mutanen kirki ne. Na farkon yana son mu, sai dai aikinmu bai dame shi ba, mu ma ya daina damunmu. Na biyun ya ɗauki aikin da muhimmanci, har ya ɗauke ni ya kai ni na ga wanda nake yi dominsa, ya kuma faɗi sunana a gaban mutane. Albashina bai canja ba a tsakaninsu, zartona ma shi ne dai.

Ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji ya rasu a garinsu. Addininmu ba ɗaya ba ne, kuma bai taɓa cin tuwo a gidanmu ba, amma ranar da labarin ya iso ni, na rufe shago tun kafin la'asar.