Lallen Babbar Sallah a cikin ƙanƙara

Babbar Sallarmu ta biyu a New York ta faɗo ne a tsakiyar sanyi. Maigidana yana aiki a ofishin jakadanci, ni kuma ina gida a Bronx da 'yarmu ɗaya tilo, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Na ce ko a ƙarshen duniya muke, 'yata ba za ta yi Sallah hannu fari fat ba. Na ɗauko lallen da innata ta ƙullo mini tun daga Kano, na kwaɓa, na yi mata ƙunshi har sau biyu. Ya kama ƙwarai, kan yatsun ya yi jawur har yana neman baƙi.

Washegarin Sallah babanta ya ce mu je babban lambun da ke bayan Fordham Road mu ga agwagi. Shi mutum ne mai son kallon tsuntsaye, abin da har yau ban gane daɗinsa ba. Ƙoramar lambun ta daskare, agwagin sun cure a ɗan wurin da ruwa ya rage, kurege kuma ga su nan jibga-jibga, ba sa gudun mutum. Yarinya ta karɓi gyaɗa tana ba su. Wasu 'yan matan Turawa suka hango hannunta, suka kewaye ta suna kallo. Ita kuwa, uwar son a yaba, sai ta tura safar hannunta a aljihu, ta shiga dunƙula dusar ƙanƙara da su.

Muna can babanta yana nuna mini wani jan tsuntsu a kan reshe. Can sai ga ta ta zo tana murmushi.

"Umma, ɗazu hannuna yana zafi, amma yanzu ya daina."

Na kama yatsun, na ji su kamar itace. Na mintsine ta da ƙarfi, ko gezau ba ta yi ba. Innalillahi!

"Malam, taɓa ka ji!" na ce da babanta.

Yana taɓawa ya suri yarinya, muka tsayar da tasi sai asibiti.

Likitan, wani dogon Bature, yana buɗe tafin hannunta sai fuskarsa ta canja, ya ƙwala wa nas kira. Turancina a lokacin na cefane ne kawai, amma tsoro ba ya buƙatar tafinta. Malam ya yi masa bayani cewa launin nan kwalliya ce, ba ruɓewa ba. Na zaci zai saki fuska, sai ya ƙara ɗaure ta.

"Me ya ce?" na tambayi Malam.

"Ya ce da launin fata suke gane yatsan da sanyi ya kashe. Lalle ya rufe, ba ya ganin komai."

"To sai yaya?"

"Za su sa hannun a ruwan ɗumi. In ta ji zafi, yatsun na da rai. In ba ta ji ba..." Ban nemi ya ƙarasa ba.

Aka kawo tasa, aka tsoma hannayen. Yarinya tana zaune tana ta surutunta, wai wani kurege ya ci gyaɗa a tafinta. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ni da nake lallashinta kullum ta yi shiru, ga ni ina roƙon Allah ya sa ta yi kuka.

Sai ta yatsine fuska. Sai ta tsala ihun da ya cika ɗakin, tana fizge-fizge tana kiran Umma. Na riƙe ta ina hamdala, hawaye na zuba. Likita ya bi yatsun da tsinin allura ɗaya bayan ɗaya, tana zabura, har ya zo kan ƙaramin yatsan hagu. Nan ba ta motsa ba. Ya naɗe shi da bandeji, ya ce sai dai a jira a gani.

Haka muka ƙarasa sanyin nan. Malam ya daina zancen tsuntsaye. Kan yatsan ya yi bororo, ya fashe, fatar ta saɓule. Kullum da safe in na warware bandejin sai na kawar da kai tukuna, saboda ina tsoron abin da zan tarar. Lallen sauran faratan yana ta matsawa sama, sabon farce yana biyo shi, amma na ƙaramin yana nan inda na sa shi.

Wata safiya ina shirya ta za ta makaranta, na kai hannun bakin taga. A gindin farcen, ƙarƙashin jan lallen, ga wani ɗan siririn farin layi ya ɓullo. Na danna shi da babban yatsana.

"Wayyo Umma, da zafi fa!" ta ce, ta fizge hannunta.

Na kamo shi na sake dannawa.