Agogon Ladan Mai Nasara

Tun yana saurayi Mai Nasara yake kiran salla a wani ƙauye kusa da Korgom, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwar katangar masallaci ta ishe shi. Da yanar ido ta rufe masa gani, inuwa da katanga suka zama abu guda. Sau biyu ya kira la'asar mutane ba su gama hutun azahar ba. Liman ya ce in aka sake, Laminu mai ƙaramar murya zai karɓi kiran.

Ɗansa Moctar, da ke aiki a Yamai, ya aiko masa da agogo mai magana. Ka danna, wata mata ta faɗi lokaci, amma da Faransanci.

"Safi, mi ta ce?"

"Katorz er, Malam. Ƙarfe biyu ke nan."

"To ta ce biyu mana!"

Safi, matarsa, ta ɗan taɓa lakwal, wato boko, tana yarinya, sai ta zama malamarsa, tana tankaɗe tana koyarwa. Ta ce katorz sha huɗu ne, a cire sha biyu.

"Wa ya ƙara mata sha biyun da zan cire? Ni da na raba rana da dare shekara da shekaru!"

Ya haddace dai, yana ƙunƙuni. Sai dai rana ba ta zama wuri guda. Da ya riƙe lokacin magariba na watan sanyi, sai ta gusa, Safi ta zo da sababbin lambobi masu fita ta hanci. Ya yi rantsuwa zai jefa agogon rijiya, ya kuma kwana da shi a aljihu.

Ranar wata Laraba ya shiga masallaci da azahar, ya kunna amsa-kuwwa kamar yadda ya saba, ya gyara murya. Sai shakka ta kama shi. Ya kai agogon kusa da kunne ya danna.

Muryar mace ta tashi daga saman masallaci, da Faransanci, ta ratsa ƙauyen har bakin gonakin gero. Masu alwala suka tsaya da buta a hannu.

"Mai Nasara," in ji liman bayan an sallame, "yaushe muka yi ladaniya Baturiya?"

"Allah gafarta Malam, ai ta faɗi daidai. Katorz er ne."

Liman ya dube shi, ya dubi Laminu da ya riga ya fara gyara hula.

"Daidai ne kam. Kira naka ne. Amma ita ta tsaya a gida."

Yanzu agogon yana rataye a ƙusa kusa da murhun Safi. Mai Nasara yakan danna, ya saurara, ya yi tsaki, ya lalubi sandarsa.

"Ka gane, Malam?" in ji Safi.

"Na gane! Baturiyar nan sai ta faɗa ta maimaita, sai ka ce ni kurma ne."