Ni Na Nema Wa Yayana Kotu

Lokacin da abin nan ya faru ina aji biyu a jami'a, ina karatun aikin lauya. Ni ce auta a gidanmu, a wani ƙauye da ke bayan Kafanchan, kuma tun ina ƙarama ba ni da yawan magana. Ko a majami'a aka ce in karanta aya, sai muryata ta maƙale. Ɗan littafin tsarin mulkin ƙasa da nake yawo da shi a jaka, babu shafin da ban ja wa layi da biro ba. Babanmu ya rasu tuntuni, yayana ne ya riƙe karatuna da noman citta, shi ne kuma ya laƙaba mini Barista tun ban taɓa leƙa kotu ba. In na dawo hutu yakan ce wa abokansa kowa ya kama bakinsa, ga doka ta shigo gari da silifa.

A wani hutun damina aka tsinci gawar wani baƙo a bakin rafin da ya ratsa gonakinmu. 'Yan sanda suka kwashe duk samarin da gonarsu ta taɓa rafin, har da yayana, ga matarsa da tsohon ciki. A wajenmu akwai yadda ake bi da irin wannan. Mai unguwa da fasto da dattawa sukan je ofishin 'yan sandan kullum, su zauna a benci, su yi gaisuwa, su ba da haƙuri, su tsaya wa yaran, har a riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Kawuna ya ce mu bi sawun dattawa, a bar wuta ta huce. Amma da na kai abinci na hango yayana a bayan kanta, ba riga, idonsa ɗaya a kumbure. Ina dawowa Mama ta tare ni a bakin ƙofa, ta tambaye ni mene ne amfanin makarantar da ya sa ni, in zan tsaya ina kallo kamar kowa.

Washegari na tattara ɗan ƙarfin halin da ban taɓa yi ba, na shiga wajen jami'in da ke riƙe da maganar. Na buɗe sashe na talatin da biyar na tsarin mulkin, na karanta masa cewa wanda aka kama dole a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya saurare ni har na gama, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ƙaramar barista. Sannan ya tambaye ni, cikin murmushi, ko kotu nake so. Na ce ita nake so. Ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya ce to, ai shi ba ya jayayya da doka. Na fito ina jin kamar na ci jarrabawa. Kawuna da ke zaune a benci ya dube ni ya ce, 'yar nan, me kika je kika yi?

A kotun majistare aka karanta wa yayana tuhumar kisan kai. Yana shigowa ya ɗago mini hannu yana dariya, don na gaya masa ranar zai kwana a gida. Alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron laifi mai girma haka, ba shi kuma da ikon ba da beli, a kai shi gidan yari har sai shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Ban gama fahimta ba aka fita da shi. A ƙasan sashen da na karanta akwai sakin layin da ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Na san shi, har na ja masa layi, amma a matsayin abin da za a iya tambaya a jarrabawa. Sauran samarin kuwa, kafin mako ya zagayo dattawa sun fito da su duka. Shi kaɗai ne sunansa ya shiga kotu, kuma daga nan babu bencin da dattijo zai zauna ya roƙa.

Cittarsa ta ruɓe a ƙasa. Matarsa ta haihu ba ya nan. Damina ta wuce, wata ta biyo, duk zaman kotu sai a ce shawara ba ta iso ba, a ɗage. Matan zumuntar majami'armu suna zuwa yi wa Mama addu'a, in na shigo sai hira ta mutu. Matar yayana ba ta taɓa zagina ba, ta dai daina cin abincin da na dafa. A ƙarshe wata lauya mai taimakon fursunoni kyauta ta kai ƙarar tauye haƙƙi babbar kotu, da tsarin mulkin nan dai da na riƙe, aka sake shi don babu wata shaida a kansa. Ya fito da tarin fuka, ba ya iya ɗaga fartanya. Ɗansa ya gan shi ya ɓuya a bayan zanen uwarsa.

Sau ɗaya yayana ya taɓa tayar da maganar. Muna zaune a ƙofar gida ya tambaye ni ko littafin ne ya yi ƙarya. Na ce a'a, ni ce ban tambayi abin da ke biyo bayan ƙofar da na buɗe ba. Ya yi tari mai tsawo, ya ce ba komai.

Ina roƙon ɗaliban aikin lauya, da iyayen da ke ɗaukar ɗansu lauya tun yana aji ɗaya: in an kama naku, ku nemi wanda ya saba tsayuwa a kotu kafin kowa ya buɗe baki. Haƙƙin da ke cikin tsarin mulki gaskiya ne, amma wace kotu, wace tuhuma, da wane lokaci, a nan ran mutum yake. Na gama karatu, ina aikin yanzu. Yayana har yau Barista yake kirana, ba da gatse ba, kuma ban taɓa iya amsawa ina kallon fuskarsa ba.