Allon Da Goggo Ta Ƙi Taɓawa

Har yau in na ji warin tawadar allo sai raina ya ɓaci. Makon jiya wata yarinya ta shigo min gida da allon saukarta, tun kafin ta durƙusa na tuna Goggo.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, don na gaji da a riƙa faɗa a bayan idona. A gidan marayu na tashi, ban san uwa ba, ban san uba ba. Ina da shekara bakwai matar da ke dafa mana abinci a can ta nemi izini, ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Shamaki. Ita nake kira Inna, mijinta kuma Baffa, wani tela mai shiru-shiru. Su biyun ba su taɓa nuna min bambanci ba. Amma unguwa fa! Matan da ke shigowa ɗibar ruwa "'yar gwamnati" suke ce min, sai ka ce motar ofis. In abu ya ɓace a Islamiyya, jakata ake fara zazzagewa. Har na tsani gidan marayun nan, ko a keke muka bi ta ƙofarsa sai in kau da kai.

Duk cikinsu babu kamar Goggo, yayar Baffa, da ke unguwar Pantami. In ta zo na kawo mata ruwa, sai ta ce ba ta jin ƙishi, jim kaɗan kuma ta sa a ɗebo mata wani. Shekara bakwai ina gaishe ta tana amsa wa bango.

Da damina na sauke Alƙur'ani. Kun san yadda ake yi: a yi wa allo zayyana, mai sauka ta bi gidajen dangi ta durƙusa ta karanta, babba ya dafa allon, ya shafa a fuska, ya sa albarka. Ni ba kyautar da ake bayarwa ce ta dame ni ba. So nake Goggo ta ɗora hannunta a kan allona sau ɗaya, domin in ta dafa, duk dangin Baffa sun karɓe ni ke nan.

Muka je da Inna da hantsi, an yi ruwa, na ɓoye allon cikin hijabi don kada yayyafi ya ɓata zayyanar. Goggo na kan tabarma da surukanta. Na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu. Wallahi sai matar nan ta cusa hannayenta cikin zani.

Ta ce, "Allo na dangi ne. Ta kai wa nata."

Ina durƙushe, ina jin ruwa na ɗiga daga indararo. Ɗaya daga cikin surukan har da gyara ɗaurin ɗankwali don ta ɓoye dariya.

Inna ta fizge ni ta miƙar. Ta ce, "To Yaya, mun gode. Za ta kai musu yanzu."

Muka hau keke. Da na gane gidan marayu muka nufa sai na fashe da kuka, na ce ni ba zan shiga ba. Inna ta daka min tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba: "Ke ma kunyarsu kike ji? Su suka wanke miki kashi, ba waccan ba!"

Na shiga dole. Tsohuwar da ta goye ni ina jaririya tana shanya, ta ga allon, ta saki zanin da ke hannunta cikin taɓo, ta rangaɗa guɗa. Yara suka fito suka kewaye ni. Na karanta mata. Ta dafa allon da jiƙaƙƙen hannu, har tawadar ta ɗan zame a gefe, ta shafa a fuska. Tabon yana nan har gobe, ban yarda kowa ya gyara ba.

Goggo ta rasu ba ta dafa ba. Na je gaisuwa saboda Baffa. Kada ku tambaye ni ko na yafe.

Yanzu ina unguwar Kagarawal da iyalina, kuma na gaya wa masu kula da gidan marayun cewa duk yaron da ya yi sauka, a fara kawo shi wurina. Ana ta cewa zamani ya canza, kai ya waye. Ina! Yarinyar nan ta makon jiya tana tsakiyar karatu maƙwabciyata ta leƙo, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?" Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka, muryarta ta yi ƙasa. Na san wannan saukar kafaɗa.

Na ɗora hannuna biyu a kan allon, na ce, "'Yar gidan nan ce. Ko ki shigo ki dafa, ko ki ja min ƙofa."