Baƙon da Ɗanasabe Ya Haƙa wa Kabari

A tsohuwar maƙabartar da ke yammacin Maska babu kabarin da Malam Ɗanasabe bai san mai shi ba, in ban da guda ɗaya. Ya fi shekara hamsin yana haƙa a wurin. Yakan nuna maka jerin da ke gindin tsamiya ya ce waɗannan mutanen yaƙin Bama ne, su shida, na bayansu kuma 'yan yaƙin basasa. Amma in an iso na ƙarshen layin sai ya sauya wa sandarsa hannu.

Shi ne kabarin farko da ya taɓa haƙawa, yana ɗan shekara sha bakwai. Ranar wata Talata, ana tsakiyar cirar auduga, motar soja ta tsaya ƙofar gidansu da gawa a cikin likkafani. Suka ce wansa Ummaru ne, ya cika a asibiti bayan wuta ta ci masa fuska, an riga an yi masa wanka, kada a buɗe. Mahaifiyarsu Tasalla ta durƙusa ta shafa ƙafar ta bisa likkafanin.

"Wannan ba ƙafar Ummaru ba ce," in ji ta.

Dattawa suka ce zafin rashi ne. Aka yi salla, Ɗanasabe ya shiga rami ya karɓi gawar da hannunsa.

Bayan shekara biyu sai ga Ummaru ya sauko daga motar Funtua da rana tsaka, yana ɗingishi. Mata suka watsar da tallansu suka ruga. Tasalla kaɗai ce ba ta gudu ba; ruwa ta ɗebo masa.

Sai da ya kwana uku ya ce a kai shi ya ga kabarinsa. Ya tsaya a kansa ya ce:

"Rigata ce a jikinsa, da lambata. Sanyi yake ji, ni kuwa na cire na ba shi. Washegari abokan gaba suka kama ni."

"Wane ne shi, Yaya?" in ji Ɗanasabe.

"Mark muke ce masa. Ya ce daga wajen Malumfashi yake. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ummaru bai yi aure ba, noma ma sama-sama. Duk Juma'a yakan zo ya cire ciyawar kabarin, ya zauna yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri. Da ya rasu, kusa da kabarin aka sa shi, kamar yadda ya roƙa.

Daga nan abin ya dawo kan Ɗanasabe. In yana haƙa shi kaɗai, yakan ji kamar baƙon yana tsaye a bayansa yana jiran a tambaye shi sunan garinsu. Ya sha hawa babur zuwa ƙauyukan Malumfashi, yana bin majami'u yana tambaya ko akwai gidan da ɗansu Mark ya tafi yaƙi bai dawo ba.

Bara, bayan girbin masara, wata tsohuwa mai suna Fibi ta zo daga wajen Malumfashi. Ta tsaya a bakin shinge, ba ta shiga ba.

"Malam, wana ne nake nema. Yaya tsawonsa, wanda ka binne?"

Ɗanasabe ya kwantar da sandarsa a ƙasa, ya ƙara taƙi biyu, ya ja layi da yatsa. Bai manta awon ba.

Ta dubi layin ta daɗe.

"Ina 'yar shekara tara ya tafi," ta ce. "Kowa dogo ne a wurina lokacin."

Ta yi addu'arta daga nan inda take, shi ma ya yi tasa. Ya raka ta bakin hanya ya tsayar mata da mai babur, ya koma ciki, don akwai gawar da za a kawo bayan la'asar.